Blez Janyi, baƙar fata na farko da Afirka ta aika majalisar Faransa

Har yanzu a ƙauyuka ana ba da labarin yunwar Kakalaba. Ita ce yunwar da ta faɗa ma ƙasar Nijar a shekara ta 1913 da ta 1914. Damina ta ƙi, rumbuna suka zama wayam, dabbobi suka yi ta mutuwa. A lokacin nan Nasara ke mulki, babban barikinsu yana Damagaram. Talaka ba shi da bakin magana. Ba wanda ya tambaye shi ra'ayinsa kan bodo, ko kan aikin dole, ko kan ɗaukar soja.

A cikin wannan shekara ta 1914, can yamma a bakin teku, a ƙasar Senegal, wani abu ya faru wanda ba a taɓa gani ba. An yi zaɓe, wani baƙar fata ɗan mai dahuwar abinci ya ka da Nasara. Ya zama depite, watau wakilin jama'a a majalisar da ke yin dokoki a birnin Pari. Sunansa Blez Janyi. Nasara suna rubuta sunan haka: Blaise Diagne. Shekara 20 ya yi bisa wannan kujera. Waɗansu sun ce shi ne ya buɗe ma baƙar fata ƙofa. Waɗansu sun ce ya sayar da ƴan uwansa. Ga labarinsa, kowa ya auna da kansa.

Yaron tsibirin Gore

An haifi Blez Janyi ran 13 ga watan Oktoba na shekara ta 1872, a Gore. Gore ƙaramin tsibiri ne cikin teku, kusa da Dakar. Tsibiri shi ne ƙasar da ruwa ya kewaye ta ko'ina. A zamanin da, nan ake tsare bayi kafin a zuba su cikin jirgin ruwa.

Iyayensa talakawa ne. Ubansa mai dahuwar abinci ne, yana kuma aikin jirgin ruwa. Uwarsa asalinta daga ƙasar da ake ce ma Gine Bisau yanzu. Sunan da suka raɗa mashi shi ne Galay Mbay. Tun yana ƙarami wani gidan masu hali ya ɗauke shi riƙo. Mutanen gidan barbarar yanyawa ne, watau jinin Nasara da na baƙar fata. Ana ce masu gidan Kirespen. Su suka shigar da shi addinin Kirista, aka sa mashi suna Blez. Su kuma suka kai shi lakwal.

Yaron yana da kai. Ya yi karatu a Gore, aka aika shi Faransa ya ƙaro. Bai daɗe can ba ya komo gida, ya ƙare karatunsa a birnin Sanluwi, wanda mutanen ƙasar ke kira Ndar. Ya ci jarrabawar shiga aikin duwan, ya fara aiki a shekara ta 1892.

Shekara ashirin cikin aikin duwan

Aikin duwan ya kai shi ƙasashe da yawa. Ya fara da Dahome, wadda ake kira Benin yanzu. Daga nan sai Kwango, sai tsibirin Reyinyon, sai Madagaskar. A shekara ta 1910 aka kai shi Giyan, wata ƙasa ta Faransa a Amurka ta kudu.

Duk inda ya je bai daɗe ba sai ya yi rigima da manyansa. Ya san dokokin aiki sarai, ya karance su kamar yadda malami ke karance littafinsa. In wani Banasare ya wulaƙanta shi don launin jikinsa, ba ya yin shiru. Sai ya ɗauki alƙalami ya kai ƙara. Manyansa suka ce mai taurin kai ne. An hukunta shi, an canza mashi wurin aiki ba sau ɗaya ba. Amma ba su iya korar shi ba, don aikinsa ba shi da aibi.

Cikin wannan yawo ya ga yadda mulkin mallaka yake a wurare dabam-dabam. Ya koyi yin magana gaban jama'a. Ya auri wata Bafaransa a shekara ta 1909. Ya kuma shiga wata ƙungiyar asiri ta Nasara da ake ce ma Faramaso, inda ya san manyan mutane.

Garuruwa huɗu da sauran ƙasa

Don a gane labarin nan, sai an san yadda Faransa ta raba mutanen Afirka kashi biyu.

Kashi na farko su ne haifaffun garuruwa huɗu na Senegal: Sanluwi, Gore, Dakar da Rufiski. Faransa ta daɗe ƙwarai a waɗannan garuruwa. Tun shekara ta 1848 aka ba Senegal kujera ɗaya a majalisar Pari. An soke ta, an mai da ta, daga baya ta zauna. Mazan garuruwan nan suna jefa ƙuri'a. In sun yi laifi, gaban alƙali ake kai su. Ba a kama su aikin dole.

Kashi na biyu su ne sauran mutane duka, daga ƙauyukan Senegal har tafkin Cadi. Sun fi miliyan goma. Mutanen Nijar suna cikinsu. Su ba ƴan ƙasa ba ne a idon doka, talakawan mallaka ne. Akwai wata doka a kansu da ake ce ma andijena. Da wannan doka kwamandan yana iya jefa mutum kaso har kwana 15, ya kuma ci shi tara, ba tare da shari'a ba. Laifin yana iya zama jinkirin biyan bodo, ko ƙin fita aikin hanya, ko kuwa kwamandan ya ga kamar an raina shi.

Ko a garuruwa huɗun nan, baƙar fata suna zaɓe ne kawai, ba su ake zaɓa ba. Kujerar depite kullum tana hannun Banasare ko barbarar yanyawa. Bayansu kuma akwai manyan kamfanonin birnin Bordo na Faransa. Su ke sayen gyaɗar Senegal, su ke da kantuna, su ke ba da bashi. Wanda suka ɗaga ma hannu shi ke ci.

Zaɓen 1914

Blez Janyi ya komo Senegal a farkon shekara ta 1914, ya ce zai tsaya. Da yawa suka yi dariya. Ya fi shekara ashirin ba ya ƙasar. Ba shi da dukiya. Shi Kirista ne, masu zaɓe kuwa yawancinsu Musulmi ne. Wanda ke bisa kujerar, Faransuwa Karpo, lauya ne ɗan babban gida, yana riƙe da ita tun 1902.

Amma Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Lokacin nan mutanen garuruwa huɗu suna cikin damuwa. Gwamnati ta fara neman hanyar rage masu haƙƙinsu, ta mai da su kamar sauran talakawan mallaka. Ƙabilar Lebu, masunta masu ƙasar Dakar tun asali, suna kuka ana ƙwace masu filaye. Samarin da suka yi lakwal, malaman makaranta da akawuna, suna aiki ɗaya da Nasara amma albashinsu bai kai na Nasara ba.

Janyi ya bi unguwa-unguwa yana taro. Ya faɗa ma mutane abin da doka ta ba su, ya ce zai tsare masu shi. Samarin nan suka bi shi. Dattawan Lebu suka bi shi. Mabiya ɗariƙar Muridiyya suka taimake shi. Wani ɗan siyasa na Rufiski mai suna Galandu Juf ya tsaya kusa da shi.

A zagaye na farko Janyi ya zo gaba. Hankalin masu kamfani ya tashi, suka taru bayan wani Banasare lauya mai suna Embirje. Aka sake zaɓe ran 10 ga watan Mayu. Janyi ya samu ƙuri'a 2,424, Embirje ya samu 2,249. Ratar ba ta kai ɗari biyu ba, amma ta isa. Ɗan mai dahuwa ya zama depite yana da shekara 41.

Dokoki biyu masu sunansa

Wata uku bayan zaɓe, a watan Agusta na 1914, babban yaƙin duniya na farko ya tashi tsakanin Faransa da Jamus da abokan kowace. Faransa tana bukatar soja ƙwarai. Janyi ya ga dama ta samu. Tunaninsa shi ne: wanda ya zubar da jininsa don ƙasa, ba mai iya ce mashi shi ba ɗan ƙasa ba ne.

Ya kawo doka ta farko, majalisa ta yarda da ita ran 19 ga watan Oktoba na 1915. Dokar ta ce samarin garuruwa huɗu za su yi aikin soja cikin rundunar Faransawa, da albashi da abinci irin na Faransawa. Ba za a sa su cikin rundunar tirayer ba, watau rundunar talakawan mallaka.

Doka ta biyu ta fito ran 29 ga watan Satumba na 1916. Gajeruwa ce, amma tana da nauyi. Ta ce haifaffun garuruwa huɗu da zuriyarsu ƴan ƙasar Faransa ne, kuma haka za su zauna. Musulminsu bai bar addininsa ba, bai bar auren Musulunci da rabon gado na Musulunci ba. Abin da gwamnoni suka so ƙwacewa, ya rubuta shi cikin doka yadda ba mai iya taɓa shi.

Wannan babban aiki ne. Ya cika alkawarin da ya yi ma waɗanda suka zaɓe shi. Amma a lura: dokokin biyu ba su taɓa manomin ƙauye ba, ko na Senegal ko na Nijar.

Jinin tirayer

Su mutanen ƙauye ta wata hanya yaƙin ya iske su. Kwamandan yana aiko ma sarki adadin samarin da yake so. Sarki ya raba ma masu gari. Ɗan mai hali yakan tsira, ɗan talaka da ɗan bawa su ake miƙawa. Samari suka yi ta gudu daji, waɗansu suka tsallaka iyaka zuwa ƙasashen Ingilishi.

A wurare da yawa abin ya kai ga tawaye. A shekara ta 1915 da ta 1916 ƙauyuka masu yawa suka tashi a yankin da ke cikin Burkina Faso da Mali yanzu. Faransa ta murƙushe su da igwa. A ƙasar Nijar ma ƙasa ta yi zafi. Firhun ya ta da Abzinawan yamma a 1916. Kawsan ya kewaye barikin Agadas daga watan Disamba na 1916 har watan Maris na 1917. Kwasar raƙuma da dabbobi da Nasara ke yi tana cikin abin da ya hasala makiyaya.

Can bakin daga kuwa, a watan Afrilu na 1917, an tura tirayer gaba a wani wuri na Faransa da ake ce ma Shaman de Dam. Ana ruwa da ƙanƙara. Hannuwansu suka sandare don sanyi, har waɗansu ba su iya riƙe bindiga. Dubbai suka mutu cikin ƴan kwanaki. Janyi ya tashi cikin majalisa, a wani zama na asiri, ya yi magana mai zafi. Ya zargi manyan soja, musamman Janar Manjan, da jefa baƙar fata cikin wuta ba tare da tausayi ba. A ranar nan shi kaɗai ne bakin waɗannan bayin Allah.

Mai neman soja

Sai ga shi bayan wata shida labari ya juya. Shugaban gwamnatin Faransa, Kilemanso, yana son ƙarin soja daga Afirka. Babban gwamna na Dakar, Ban Bolenoben, ya riga ya faɗa ma Pari cewa ƙasa ta gaji, in aka matsa za a sake tawaye. Kilemanso bai ji ba. A watan Janairu na 1918 ya kira Janyi ya ba shi aikin. Ya naɗa shi babban wakilin gwamnati, da girma daidai da na babban gwamna. Shi gwamnan ya aje aikinsa, ya koma soja, aka kashe shi a bakin daga a watan Yuli na wannan shekara.

Janyi ya karɓa, amma ya nemi a ba shi abin da zai riƙa ma mutane. Aka rubuta alkawura. Wanda ya shiga soja za a ba shi kuɗi a hannu. Za a riƙa ba iyalinsa taimako. Za a ɗauke mashi bodo, a fitar da shi daga dokar andijena. In ya komo za a ba shi aikin gwamnati. Wanda ya samu lambar yabo yana iya neman zama ɗan ƙasa. An kuma yi alkawarin buɗe makarantar likita a Dakar.

Daga watan Fabrairu zuwa na Agusta ya yi rangadi, tun daga Dakar har Bamako. Ya tafi da babbar tawaga, cikinta da hafsoshi baƙar fata masu lambobi a ƙirji. Mutane suka ga abin da ba su taɓa gani ba: kwamandan Banasare ya tsaya ƙyam yana gaida baƙar fata. Gani ya kori ji. Sarakuna suka ba da samari, har waɗansu suka ba da ƴaƴan cikinsu.

Aka samu soja wajen 63,000 a Afirka ta yamma, da wajen 14,000 a Afirka ta tsakiya. Adadin ya wuce abin da Pari ta nema, kuma ba a yi babban tawaye ba. Yaƙi ya ƙare ran 11 ga watan Nuwamba na 1918, da yawa cikin sabbin sojan ba su kai bakin daga ba. Amma in aka haɗa yaƙin duka, Afirka ta yamma ta ba da soja fiye da 160,000, wajen 30,000 kuma ba su komo ba.

To, ina alkawari? An ce alkawari kaya ne. Makarantar likita dai an buɗe ta a Dakar a 1918, ta kuma fitar da likitoci baƙar fata da suka yi aiki a ƙasashe da yawa. Amma mazan jiya ƴan kaɗan ne suka zama ƴan ƙasa. Andijena ta zauna daram bisa kan sauran jama'a. Abin da ya fi ciwo, a 1919 aka yi doka cewa ɗaukar soja za ta ci gaba kowace shekara ko ba yaƙi, kowane saurayi da aka ɗauka ya yi shekara uku.

Girma ya ƙaru

Bayan yaƙi sunan Janyi ya kai ko'ina. A watan Fabrairu na 1919 baƙar fata na Amurka da na tsibiran Karayib da na Afirka suka so yin taro a Pari, don su yi magana kan halin da jinsinsu ke ciki. Wani malami baƙar fata na Amurka mai suna Dubuwa ne ya kawo shawarar. Janyi ne ya samo izini daga Kilemanso, shi ne kuma ya shugabanci taron. Amma a taron 1921 suka saɓa. Dubuwa da mutanensa suna son a soki mulkin mallaka a fili. Janyi bai yarda a soki Faransa ba. Shi a ganinsa hanyar baƙar fata ita ce ya zama Bafaranshe cikakke.

A gida an sake zaɓen shi a 1919. A 1920 ya zama magajin garin Dakar. Mutanensa suka karɓe majalisun garuruwan daga hannun tsofaffin gidaje. Samari baƙar fata suka samu aikin ofis da muƙamai da a da ba su ko mafarkinsu.

Sulhu da ƴan kasuwar Bordo

A shekara ta 1923 Janyi ya yi sulhu da kamfanonin Bordo, waɗanda ya yaƙa a 1914. Suka daina adawa da shi wajen zaɓe, shi kuma ya daina adawa da cinikinsu. Ana kiran wannan yarjejeniyar Bordo.

Manomin gyaɗa ya san ma'anar wannan. Kamfani ke yanka farashi, kamfani ke da ma'auni, kamfani ke ba da bashi da rani ya karɓa da kaka. In wakilin jama'a ya zama abokin kamfani, wa zai yi ma manomi magana? Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi mashi aski.

Abokansa na farko suka fara janyewa. Wani saurayi lauya mai suna Lamin Gey ya zama ɗan adawa. Galandu Juf, wanda ya taimake shi tun farko, ya tsaya takara da shi a 1928 da 1932. Duka biyun an ce Janyi ya ci. Amma yanzu gwamna da kamfanoni ke bayansa, ƴan adawa kuma suka yi ta kukan an yi maguɗi.

A 1924 wata jarida ta baƙar fata a Pari ta rubuta cewa an biya shi kuɗi bisa kowane soja da ya kawo a 1918. Ya kai ƙara kotu, ya ci shari'a, don ba a kawo shaidar kuɗin ba. Amma cikin masu ba da shaida akwai wani tsohon tirayer mai suna Lamin Sengor, wanda hayaƙi mai guba ya lalata ma huhu a yaƙi. Ya tsaya bayan jaridar. Tun daga ranar mutane da yawa suka daina kallon Janyi kamar da.

Maganar aikin dole

Abin da ya fi ɓata sunansa ya faru a shekara ta 1930. Ƙasashen duniya suka taru a birnin Jeneba na ƙasar Suwis, ƙarƙashin ƙungiyar ƙwadago ta duniya, don a hana aikin dole. Faransa ba ta so. Sai ta aika Janyi cikin masu yi mata magana.

Mutanen Nijar sun san aikin dole. Da shi aka share hanyoyin mota, da shi aka gina barikoki. Da shi aka yi gine-ginen Yamai bayan an mai da babban birni can daga Damagaram a 1926. Ana ɗauke magidanci daga gonarsa, wani lokaci tsakiyar damina, ya ɗauki kaya a ka ko ya fasa dutse. A Kwango kuwa ana gina hanyar jirgin ƙasa daga Barazabil zuwa teku, daga 1921 zuwa 1934. An kwaso mutane har daga Cadi. Aƙalla mutum 17,000 suka mutu cikin aikin.

A gaban wannan taro baƙar fata ɗan Gore ya tashi ya kare Faransa. Ya nuna cewa ƙasashen mallaka suna bukatar wannan aiki don su ci gaba, lokacin barin shi bai yi ba. Taron dai ya yi dokarsa. Faransa ba ta sa hannu ba sai 1937, aikin dole kuma bai tsaya ba.

A watan Janairu na 1931 aka naɗa Janyi mataimakin ministan ƙasashen mallaka. Shi ne baƙar fatar Afirka na farko da ya shiga gwamnatin Faransa. Ya riƙe muƙamin har watan Fabrairu na 1932. A wannan shekara ta 1931 Pari tana babban bikin nuna arzikin ƙasashen mallaka. A yammacin Nijar kuwa fara ta cinye hatsi, yunwa ta kashe dubban mutane a ƙasar Zabarmawa, ana kuma ci gaba da karɓar bodo. Waɗannan mutane ba su da depite. Ba su cikin masu zaɓen kowa.

Ƙarshensa

Blez Janyi ya rasu ran 11 ga watan Mayu na 1934, a wani gari na kudancin Faransa mai suna Kambo, inda ya je jinya. Yana da shekara 61. Har ranar mutuwarsa shi ne depite, shi ne magajin garin Dakar. Aka kawo gawarsa gida cikin jirgin ruwa. Da yake shi ba Musulmi ba ne, kuma ɗan Faramaso ne, ba a sa shi cikin maƙabartar Musulmi ta Sumbejun ba. A bakin ƙofarta aka rufe shi. Galandu Juf ya gaji kujerarsa.

Ya bar ƴaƴa. Ɗaya mai suna Rawul shi ne baƙar fata na farko da ya buga ma ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasar Faransa, a 1931. Wani mai suna Adolf ya zama likitan soja.

Shekara 11 bayan mutuwarsa, bayan yaƙin duniya na biyu, sabbin wakilan Afirka suka shiga majalisar Pari. Ran 11 ga watan Afrilu na 1946 aka yi dokar Ufuwet Bwanyi na Kodibuwar, wadda ta kashe aikin dole. Ran 7 ga watan Mayu aka yi dokar Lamin Gey, wadda ta ce mutanen ƙasashen mallaka duka ƴan ƙasa ne. Andijena ta faɗi. A watan Nuwamba na wannan shekara Nijar ta aika depite nata na kanta, Jori Hamani. Abin da garuruwa huɗu suka samu a 1916, ƙauye bai same shi ba sai bayan shekara 30.

Senegal ba ta manta da shi ba. Akwai babban titi da babbar makaranta masu sunansa a Dakar. Sabon filin jirgin sama na ƙasar, wanda aka buɗe a watan Disamba na 2017, sunansa aka sa mashi. Amma gardama a kansa ba ta ƙare ba.

Masu yabonsa suna cewa: a lokacin da baƙar fata ba ya iya ɗaga kai gaban Banasare, shi ya shiga majalisarsu, ya yi magana da harshensu, ya ka da su da dokarsu. Waɗanda suka zo bayansa ta ƙofar da ya buɗe suka bi. Masu sukarsa suna cewa: haƙƙin da ya samo ma ƴan birni, da jinin ƴan ƙauye aka biya shi, kuma ranar da aka tambaye shi kan aikin dole bai tsaya ma talaka ba.

Duka biyun gaskiya ne. Janyi ya yi ma masu zaɓensa aiki, ya kuma cika masu alkawari tun yana jin tsoron ƙuri'arsu. Manoma da makiyaya miliyoyi ba su da ƙuri'a, don haka ba su da abin da za su riƙe shi da shi. Da ya samu gwamna da kamfani a bayansa, ko masu zaɓen nasa ya rage jin tsoronsu.

Manomin yau da makiyayin yau suna da katin zaɓen da kakanninsu na zamanin Kakalaba ba su samu ba. In mai neman kujera ya zo ƙauye da alkawari, yana da kyau a rubuta abin da ya faɗa, da rana da wata, a aje wurin mai gari. In ya komo neman ƙuri'a, sai a ɗauko takardar a karanta mashi gaban jama'a.